Agogo a Kan Hannun Riga

A gidan talabijin ɗin ba wanda ke kiran ta da sunanta. Goggo Allura ake ce mata, don ba a taɓa ganin ta ba allura soke a bakin mayafinta ba, da guntun zare yana lilo. Ita ce mai kula da tufafin 'yan wasa. Ɗakinta na ƙarshen baranda, bayan siton fitilu, ba taga sai fanka mai ƙara, da keken ɗinki, da dutsen guga, da layin riguna a rataye kamar mutanen da ke jiran a kira su.

Ɗinki gadonta ne daga mahaifiyarta. Da ta yi aure ta buɗe shago a ƙofar gida, tana ɗinka kayan 'yan makaranta. Rage tsawon wani labule ne ya fara kawo ta gidan talabijin. Tana kan tsani sai wandon wani ɗan wasa ya yage ana tsakar ɗauka, ta sauko ta ɗinke shi a jikinsa yana tsaye yana addu'a kada ta soke shi. Daga ranar ba ta koma shago ba.

Babban shirin gidan shi ne wanda jama'a ke kira shirin Sufeto. Kowane ƙarshen mako sai an kashe mutum a ciki, kuma kafin talla ta ƙarshe Sufeto ya kama wanda ya yi kisan. Goggo ce ke tufatar da kowa, mai rai da gawa. Duk wanda za a kashe riga biyu take ɗinka masa iri ɗaya, ɗaya mai tsabta, ɗaya ta jini. Jinin ma ita ke haɗawa, da ruwan sukari da jan launi, a wata tsohuwar butar shayi.

Amma abin da ta fi alfahari da shi mayafan iyaye mata ne. A kowane labari akwai uwar da aka kashe wa ɗa, kuma kusan kullum mace ɗaya ce ke fitowa, wadda ake kira Anti Hawaye, don tana iya kuka da ido ɗaya idan an nema. Goggo ce ta ƙirƙiro tsarin. A farko uwa ta yafa baƙin mayafi, ta yi ihu, ta wurga kofi jikin bango. A tsakiya ta yafa mai ruwan toka, ta zauna a bakin gado tana shafa hoto, wani likita mai gilashi ya faɗa mata magana mai hikima. A ƙarshe, idan an kama mugun, ta yafa shuɗi mai haske, ta buɗe labule, kiɗa ya tashi. Darakta na kiran wannan shuɗin launin warkewa. 'Yan kallo ba su san da tsarin ba, amma suna jin sa a jikinsu.

Autarta ita ce Zabuwa. Sunan ya bi ta ne saboda son atamfa mai ɗigo-ɗigo da kuma surutu. Tana karatun aikin jinya, kuma idan ba ta da aji sai ta zo ta zauna a kan kwandon wanki tana yi wa shirin ba'a.

"Mama, wannan jinin naku ko ƙuda ba zai ruɗa ba. Jini fa ba ya zama ja haka. In ya sha iska duhu yake yi."

"To likita. In kin buɗe naki gidan talabijin sai ki zuba musu na gaske."

Wata ranar aiki da rana tsaka maɓallai suka ƙare, Goggo ta aike ta kantin da ke tsallaken babban titi. A dawowa, a mahaɗar da ke da danja, mota ta kwashe ta. Wata mai sayar da lemo a bakin titin ce ta raka ta asibiti, inda aka ce ta riga ta cika, kuma ita ce ta riƙe hannun Goggo a baranda ta faɗa mata abin da ta gani. Danja ta nuna ja, motar ba ta tsaya ba. Bayan ta buge yarinyar ta tsaya can gaba. Wani saurayi ya fito, farar riga mai shuɗin bakin hannu, da ƙaton agogo ɗaure a kan hannun rigar, a hannun dama. Bai kalli yarinyar ba. Agogon ya duba, ya ga gilashin ya tsage, ya goge shi da yatsa, ya yi tsaki, ya koma mota.

Duk garin mutum ɗaya ne ke ɗaura agogo a kan hannun riga. Samari sun san shi a bidiyon waya, yana juya mota tana hayaƙi. Autan Mai Katifa ne, kuma kamfanin katifar ubansa ne ke ɗaukar nauyin shirin Sufeto.

Kafin mako ya zagayo, mai lemo ta ce rana ce ta haske mata ido, ba ta ga komai ba. Sauran shaidu ma haka, kowa rana ta haske masa ido. Bincike ya kwanta barci. Mai Katifa da kansa ya zo ta'aziyya, da tawagar gidan talabijin, da autan nasa a baya. Goggo ba ta ɗaga kai ta kalli fuskar kowa ba. Tela hannun riga take fara gani. Yaron ya zauna a gefen tabarma, ya ɗora hannu a gwiwa, ga agogon nan a kan shuɗin bakin hannu, ga tsagar gilashin daga gefe zuwa gefe, ko canjawa bai yi ba. Bayan kwana kaɗan aka ce an tura shi karatu wata ƙasa.

Goggo ba ta wurga kofi ba. Ta taɓa ɗauka, sai ta tuna ita ce za ta share. Ba ta yi ihu ba, ba likita mai gilashi, ba kiɗa. Ta koma aiki, ta ci abinci, ta yi guga. A asibiti an ba ta rigar Zabuwa a leda, ta ga yarinyar ta yi gaskiya: jinin ya yi duhu, ya bushe ya ƙame kamar fatar ganga. Abin da ya sami Goggo ƙarami ne, wanda ba a sawa a talabijin. Ta kasa wuce maɓalli a ƙasa. Waɗanda Zabuwa ta sayo sun warwatse a mahaɗar, kuma duk lokacin da Goggo ta bi ta wajen sai ta duƙa a bakin kwalta ta tsinci ɗaya, masu mota suna mata hon. Mijinta, Baban Zabuwa, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, nasa ya fi nata shiru. Kullum sai ya kwance fankar ɗakin yarinyar ya sa mata mai ya mayar, fankar da ba abin da ya same ta. Ya kuma daina kallon shirin Sufeto. Idan tallar katifa ta zo, inda Mai Katifa ke murmushi yana cewa a kwanta da kwanciyar hankali, sai ya tashi ya fita tsakar gida.

Mutane suka yi ta ce mata ta yi haƙuri. Ta ce to. Da aka ga ba ta kuka sai aka fara yabon ta, wai mace mai ƙarfin zuciya. Ba wanda ya lura cewa ba ta sauya launin mayafinta daga baƙi ba.

Shekara ta juyo, ta sake juyowa. Sai aka ji autan Mai Katifa ya dawo, za a ba shi babban ofis a kamfanin, za a kuma yi masa aure. A makon ne Darakta ya tara ma'aikata a ɗakin taro, ya ce a kira Goggo, a ba ta kujerar kusa da shi.

Darakta ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da suka yarda kowane ciwo yana da magani idan an tsara shi da kyau. Fuska yake kallo, da haske. Matarsa ta taɓa cewa da za ta yafa buhu ta fito, ba zai lura ba sai in inuwa ta faɗa mata a hanci.

"Goggo, na daɗe ina so in yi miki wani abu," ya ce. "Ranka ya daɗe Mai Katifa ne ma ya fara kawo shawarar, na ga ta yi. Za mu yi labarin ƙanwarmu Zabuwa, Allah ya jiƙan ta. Don a tuna da ita."

Ya miƙe yana ba da labarin da hannuwa. Yarinya ɗaliba, an aike ta. Mota ta buge ta. Direban wani talaka ne ɗan haya, ya kwana yana aiki saboda uwarsa na kwance ba lafiya, barci ya sace shi. Ya gudu don tsoro, zuciyarsa ta hana shi sakat, Sufeto ya gano shi. A ƙarshe uwar yarinyar ta je wajensa a ɗakin tsaro, ta riƙe masa hannu ta cikin ƙarfe, ta ce ta yafe. Ta dawo gida ta buɗe labule.

"Duk wanda ya kalla sai ya yi kuka," in ji Darakta, idonsa har ya kawo ruwa. "Ke ma za ki ji nauyi ya sauka."

Dogo mai kyamara ya sunkuyar da kai yana goge gilashin da ba ƙura. Goggo ta gane komai a lokaci ɗaya. Ta yi shekaru tana ganin yadda mutane ke gardama a motar haya a kan abin da Sufeto ya yi, kamar a gabansu aka yi. Abin da kotu ba ta faɗa ba, talabijin za ta faɗa. Daga ranar da aka nuna shirin, wani talaka mai barci ne ya kashe Zabuwa, uwarta kuma ta yafe, duk gari shaida. Wanda ya sake ɗaga maganar shi ne mai tone-tone. Sun ɗauke mata yarinya, yanzu sun dawo ɗaukar yadda ta mutu.

"Ɗan haya ne direban?" ta tambaya.

"Ɗan haya, Goggo. Abin tausayi."

"To. Sai in nemo masa kaya."

Da ta koma gida ta faɗa wa mijinta yana kan fankar. Ya ajiye sukudireba a hankali.

"Ki ajiye musu aikinsu, Maman Zabuwa. Ki fito."

"In na fito wata za su ɗauka ta ɗinka."

"Ke za ki ɗinka, ke nan? Da hannunki?"

"Da hannuna."

Ya sake ɗaukar sukudireba. Sun yi zaman aure mai tsawo, ya san muryar da take yi idan ta riga ta auna yadi, almakashi kawai ya rage.

Farin yadi ba wuya. Shuɗin bakin hannun ne ya ba ta aiki, don ba kowane shuɗi ba ne. Ta shiga shaguna tana ɗaga ƙyalle a rana har ta samu wanda ya yi daidai da wanda ta gani a kan tabarmarta. Agogon kuwa wajen masu tallar agogon jabu ta samo, ƙato mai baƙar fuska. Ta kawo shi ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta ɗora shi a kan teburin guga. Ta dasa tsinin almakashi a gefen gilashin ta ƙwanƙwasa da kan dutsen guga, sau ɗaya. Tsagar ta tafi daga gefe zuwa gefe. Tun da Zabuwa ta rasu ba ta ji daɗin wani sauti kamar wannan ba.

Wanda zai fito a direban shi ne Bos, wanda ya saba fitowa a mugu, mutum mai faɗin ƙirji da tsoron allura. Ranar ɗauka ya shigo yana wasa kamar kullum.

"Goggo, yau an ce talaka ne ni. A ba ni riga mai faci, amma kar ta yi wari."

"Sa wannan."

Ya sa. Ta ɓalla masa maɓallan hannu, ta kamo hannunsa na dama, ta zagaya madaurin agogon a kan shuɗin. Bos ya kalli hannunsa, ya kalli madubi. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Goggo... wannan ai salon wane ne."

"Salon wa?"

Ya kalli ƙofa. "Ina da iyali fa, Goggo."

"Na sani. Ni ma na taɓa yi. Ga riga mai faci can a rataye, in ita kake so. Ba zan ce maka komai ba."

Bos ya kalli rigar mai faci. Shi ne wanda Zabuwa ta fi tsokana, tana ce masa mugun da ke gudun kyankyaso. Ya miƙo hannun.

"Ƙara matse shi. Kar ya zame."

A wajen ɗauka, Darakta na duba haske sai idonsa ya faɗa kan hannun.

"Me ye wannan kuma? Wa ke ɗaura agogo a kan riga?"

"'Yan haya," in ji Goggo, allura a bakinta. "Don kada zufa ta cinye madauri. Kai da ba ka shiga motar haya, ina za ka sani?"

"Kai! Ka ji irin abin da nake so! Rayuwa ta gaske! Ga shi ma ya tsage, alamar talauci. Dogo, in ya fito daga mota ka kamo min hannun nan kusa, ya cika allo."

"In ya fito ya duba agogon, ya goge gilashin, zai fi kama da ruɗewa," in ji Goggo.

"Goggo, ashe ke darakta ce muka ajiye a ɗakin guga!"

Dogo ya ɗago daga bayan kyamara ya kalle ta, ta kalle shi. Ya mayar da ido kan kyamara kamar bai gane ba. Amma da aka fara ɗauka, Bos ya fito daga motar, yarinyar da ke wasan na kwance a kwalta cikin riga mai ɗigo-ɗigo, ya duba agogo, ya goge da yatsa, ya yi tsaki, Dogo ya riƙe hannun a allo har sai da Darakta ya ce ya isa sau biyu. Goggo na tsaye a gefe da butar jini. Ranar ta ƙara wa haɗin baƙi kaɗan.

Fitowar ƙarshe aka bari sai da rana ta kusa faɗuwa. Anti Hawaye ta zo da gudu tana gyara ɗankwali.

"Yaya, shuɗin. Suna jira na."

Goggo ta miƙa mata baƙin mayafin da ta fara da shi.

"A'a, Yaya, na warkewa. Wajen yafiya muka zo."

"Dutsen guga ya cinye shi."

Anti Hawaye ta kalli bayan Goggo. Ga shuɗin can a rataye, lafiya lau, ko ƙura babu. Mace ce da ta yi kukan 'ya'yan ƙarya fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma tana cikin waɗanda suka zauna da Goggo a asibiti. Ta karɓi baƙin.

Darakta ya yi faɗa, ya riƙe kai, ya ce shekara da shekaru Goggo ba ta taɓa ƙona ko hankici ba sai yau. Amma haske na tafiya, mai haɗa hoto na jira, shirin kuma jibi zai fita. Aka ɗauka haka. Anti Hawaye ta tsaya gaban ƙarfen ɗakin tsaro cikin baƙi, ta kama hannun mai agogon. A karo na farko tun da ta fara wasa, hawayen bai zo ba. Ta ce, "Na yafe," da busasshen ido, kalmar ta fito kamar an zare wuƙa daga kube.

Ranar da za a nuna, da yamma, Goggo ba ta zauna gida ba. Ta tafi mahaɗar. Akwai shagon aski a wajen, mai talabijin a bango da ƙofa buɗe, inda masu gyaran taya da 'yan dako ke taruwa kallon Sufeto. Ta tsaya daga waje, a jikin turken danja. Mai lemo na kan bencinta, ta gan ta, ta kau da kai.

Aka yi ta surutu har motar ta bugi yarinyar. Sai hannun ya cika allo. Shuɗin bakin riga, baƙin agogo, tsaga, yatsa yana gogewa. Injin aski ya tsaya a tsakiyar kan wani.

"Kai! Kai, jama'a! Wannan ai..."

"Rufe mana baki, mun gani."

"Wallahi shi ne! Har tsakin!"

Nan take allo ya sauya, talla ta shigo. Ga Mai Katifa zaune a bakin farar katifa yana murmushi, yana ce wa jama'a su kwanta da kwanciyar hankali. Wani ɗan dako ya fashe da wata irin dariya marar daɗi, wani ya tofar da yawu ta ƙofa. Mai lemo ta miƙe tsaye, tire ya karkace, lemo ya gangara kan kwalta, ba ta bi ba. Da aka zo wajen yafiyar, wani tsoho da ake wa aski ya girgiza kai.

"Wannan matar ba ta yafe ba. Ku dubi idonta. Ku dubi mayafinta ma, wanda ta fara da shi ne."

Goggo ta duƙa ta ɗauki lemo ɗaya da ya tsaya a ƙafarta, ta ajiye a kan bencin, ta tafi gida.

Kafin wayewar gari hotuna biyu na yawo a wayoyi gefe da gefe, hannun Bos da hannun autan Mai Katifa. Kamfanin ya janye talla. Gidan talabijin ya ce kuskure ne daga sashen tufafi, kuma sashen tufafi mutum ɗaya ne. Darakta da kansa ya zo ɗakinta yayin da take naɗe igiyar dutsen guga. Ya rame a kwana biyu.

"Goggo, ni alheri na nufa. Wallahi alheri na nufa."

"Na sani, Darakta."

"To me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Da na faɗa, da ka yi min magana mai hikima."

Ta bar masa shuɗin mayafin a rataye, ta ɗauki keken ɗinkinta.

Ba a kama kowa ba. Binciken ya ɗan motsa, ya juya ɗaya gefen, ya ci gaba da barci. An ce dangin amarya sun nemi a ɗaga biki, ɗagawar da ba a sa mata rana ba. Goggo ta sake buɗe shagon ƙofar gida. Nauyin da aka yi mata alkawarin zai sauka bai sauka ba, kuma ba ta yi mamaki ba. Baban Zabuwa bai fasa kwance fanka ba.

Sai dai garin ya samu sabuwar gaisuwa. Ba a san wanda ya fara ba. Autan Mai Katifa ya daina ɗaura agogo, a kan riga ko a ƙarƙashi, amma duk inda ya tsaya sai an tambaye shi. Mai zuba mai a gidan mai ya leƙo: "Yallaɓai, ƙarfe nawa?" Mai gadin banki ya buɗe masa ƙofa da ladabi: "Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa?" Har ma'aikatan ubansa, idan ya wuce, sai wani ya tambayi ɗan'uwansa da ƙarfi. Ba zagi ba ne, ba wanda za a kai ƙara.

Mai lemo ce ta zo shagon wata safiya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zaninta.

"Yaya, ni dai ban da bakin magana. Amma kullum da hantsi yana bi ta mahaɗar, hanyar kamfani. Ya sauya mota, baƙa ce yanzu. Kuma yana tsayawa a danja. Ko ba kowa sai ya tsaya."

Goggo ta gama layin ɗinkin da take yi, ta yanke zare, ta soke allurar a bakin mayafi.

Danja ta nuna ja, baƙar motar ta tsaya. Goggo ta sauka daga gefen titi, ta ƙwanƙwasa gilashi da ƙashin yatsa. Ya ɗauka mai bara ce, ya sauke kaɗan. A karo na farko ta kalli fuskarsa. Yaro ne, da ƙuraje a haɓa, ƙasan idonsa ya yi baƙi. Ya gane ta. Hannunsa na dama ya zame daga sitiyari ya ɓuya a gefen kujera.

"Ƙarfe nawa?" ta ce.

"Mama... ba ni da agogo."

"Ba na yanzu ba. Na ranar. A asibiti na tambaya, suka ce ba su san lokacin da ta cika ba, a hanya ne ko a nan. Mai lemo ba ta da agogo. Kai kaɗai ka duba."

Ya juya yana kallon danja. Danja ta nuna kore. Motocin baya suka fara hon, wani ya leƙo yana zagi, sai ya ga ko wace ce a tsaye, ya ga ko wane ne a motar, ya janye kansa. Hon ɗin ya mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba sauri nake ba," in ji Goggo. "Ka yi tunani. Gobe ma ta nan za ka bi, in ka sauya hanya kuma za a faɗa min."

Ta ja da baya ta ba shi hanya. Motar ta mutu a hannunsa, ya tayar, ta sake mutuwa, sannan ta ja da ƙyar. A inda tayar ta tashi, a tsagar kwalta, wani abu fari na ƙyalli. Goggo ta duƙa ta tsince shi. Murfin kwalba ne. Ta jefar, ta gyara baƙin mayafinta, ta koma shago, don akwai kayan 'yan makaranta da ta yi alkawarin gamawa.